Ƙafar Roba Mai Batir: Yaya Take Sanin Lokacin Lanƙwasa Gwiwa?

Kafin ku ci gaba da karatu, kowa ya yi taku biyar a gaban allon nan, ya lura da gwiwarsa. Idan ƙafa ta taka ƙasa, gwiwa sai ta ƙage ta riƙe nauyin jiki. Idan ƙafa ta tashi, sai ta lanƙwashe don kada yatsu su ja ƙasa. Duk wannan ba ma tunaninsa, yi kawai muke yi.

To, wanda aka yanke wa ƙafa a cinya ya rasa wannan gwiwar. Haɗarin babur yana jawo haka, da ciwon suga, da karayar da aka ɗaure da ƙarfi wajen ɗori har ƙafar ta ruɓe. A Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ana haɗa wa mutane ƙafar roba. Irin wadda aka saba gani, gwiwarta ba ta da ƙarfin kanta. Mai ita ne zai wurga ta gaba da ragowar cinyarsa, kuma dole ya taka ta a miƙe, in ba haka ba ta lanƙwashe ya faɗi. Shi ya sa yake saurin gajiya, bene kuwa sai dai ya hau ɗaya bayan ɗaya, lafiyayyar ƙafar tana gaba.

A 1997 kamfanin Ottobock na Jamus ya fito da gwiwa mai 'yar kwamfuta a ciki, sunanta C-Leg. Ita kamar birki take: tana riƙewa, tana saki, amma ba ta tura mutum. Daga baya kamfanin Össur ya yi Power Knee, mai ƙaramin inji da batir, wadda take miƙe ƙafar da kanta har ta taimaka wa mutum ya tashi daga kujera.

Da farko na ɗauka injin ne abin mamaki. Ashe ba shi ba ne. Wahalar ita ce ƙafar ta san lokacin da za ta tura. A cikinta akwai ƙananan na'urori masu auna nauyin da aka ɗora mata da yadda gwiwar ta karkata. Kwamfutar ce za ta duba ta ce: wannan tafiya yake yi, ko bene zai hau, ko zama zai yi? Idan ta canka daidai, takun ƙafafun biyu sai ya kusa zama ɗaya, lafiyayyar ƙafar da baya su samu sauƙi. Idan ta yi kuskure fa? A ce mutum zai zauna, ita kuma ta ɗauka hawa zai yi, ta tura shi. Sai faɗuwa! Don haka ake saita ta daidai da tafiyar mai ita, shi ma sai ya koyi tafiya da ita.

Akwai wadda take karɓar umarni daga tsokar cinya. Wani Ba'amurke, Zac Vawter, wanda shi ma babur ne ya yi sanadin ƙafarsa, likitoci sun karkatar da jijiyoyinsa zuwa tsokar cinya. Idan ya yi niyyar motsi, tsokar ta motsa, ƙafar ta ji. A 2012 ya hau bene mai hawa 103 a birnin Shikago da irin wannan ƙafa.

Sai dai tana da tsada sosai, ta fi ta roba nauyi, kuma kullum sai an yi mata caji. Mu da ko waya wani lokaci sai an kai shagon caji! Sannan a kan siminti da bene aka fi gwada ta. Ni da zan ga injiniyoyin, cewa zan yi su kawo ta Nasarawan Doya a watan Agusta, su ba manomi ya shiga gonar rake da ita, mu ga ko kwamfutar za ta bambance kunya da matakalar bene.