FASHIN BAƘI: Idan mai kula da manhaja ya yi shiru, wa ya cancanci ya gaje ta?

Wayar da ke hannun mai karatu, da manhajar bankin da yake tura kuɗi da ita, da shafin da yake karanta labarai, kusan dukkansu an gina su ne a kan ɗaruruwan ƙananan manhajoji waɗanda ba kamfanin wayar ko bankin ne ya rubuta su ba. Da yawa daga cikinsu mutum ɗaya ko biyu ne ke kula da su, a lokacin hutunsu, ba tare da albashi ba. Irin waɗannan mutane suna gajiya, suna samun wani aikin, suna kwanciya rashin lafiya, wasu kuma su daina amsa saƙo haka kawai. Manhajar tana ci gaba da aiki a cikin miliyoyin na'urori, amma babu mai gyara ta.

A nan ne maganar gado ke tasowa. Lasisin irin waɗannan manhajoji ya ba kowa damar ɗaukar kwafi ya ci gaba da aikin. Sai dai abubuwan da suka faru tsakanin 2010 da 2024 sun nuna cewa rubutun manhajar ne kaɗai ake iya kwafa. Suna da amanar jama'a ba sa bin kwafin, kuma yadda suka sauya hannu shi ke tabbatar da ko an ceci manhajar ko an buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Mene ne ɓalle reshe?

Kowace manhaja tana da rubutun tushe, wato jerin umarnin da masu shirya ta suka rubuta wa kwamfuta. Kamfanoni da yawa suna ɓoye nasu. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka wallafa rubutun tushenta tare da lasisin da ya halatta wa kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Da yawa daga cikinsu suna ajiye ne a dandalin GitHub, wanda kamfanin Microsoft ya saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5.

Ɓalle reshe shi ne mutum ya kwafi wannan rubutu gaba ɗaya, har da tarihin gyare-gyarensa, ya ci gaba da raya shi daban. Ya yi kama da dashen rogo: a yanki kara a dasa a wata gona, uwar tana inda take, dashen kuma ya yi saiwar kansa. Ba a buƙatar izinin mai asalin aikin, domin lasisi ya riga ya bayar, amma da sharuɗɗa. Lasisin MIT da na BSD sun wajabta a bar sanarwar haƙƙin mallakar marubucin farko yadda take. Lasisin GPL ya ƙara da cewa duk wanda ya raba gyararriyar manhajar dole ya buɗe rubutun tushenta a ƙarƙashin lasisi iri ɗaya. Rubutun da aka wallafa babu lasisi kuwa, ko da kowa na ganinsa, haƙƙinsa yana hannun mai shi.

Yadda yt-dlp ta gaji youtube-dl

Manhajar youtube-dl ta fara ne a 2006, kuma aikinta shi ne sauke bidiyo daga YouTube da wasu shafuka sama da dubu. 'Yan jarida da masu tantance labarai da masu kare haƙƙin ɗan'adam suna cikin masu amfani da ita, domin adana bidiyon da zai iya zama hujja kafin a goge shi daga intanet.

A ranar 23 ga Oktoba, 2020, GitHub ya rufe shafin manhajar bayan ƙorafin ƙungiyar kamfanonin faifan waƙa ta Amurka, RIAA. An mayar da shi a ranar 16 ga Nuwamba, bayan ƙungiyar kare 'yancin masu amfani da intanet, EFF, ta rubuta wasiƙar da ta ƙalubalanci hujjar ƙorafin. Manhajar ta tsallake wannan barazana, amma wata ta cikin gida ta fi ta tsanani. Irin wannan manhaja tana rayuwa ne da gyara a kai a kai, domin duk lokacin da wani shafi ya sauya tsarinsa, sai sashen da ke saukewa daga shafin ya daina aiki. Gyare-gyaren da masu sa kai suka miƙo sun yi ta taruwa ba a duba su ba. A cikin 2021, masu amfani da ita suka wayi gari saukewa daga YouTube ta koma tafiyar hawainiya. Sigar ƙarshe da aka saki a hukumance ita ce ta ranar 17 ga Disamba, 2021.

Kafin nan wasu sun riga sun ɓalle. A 2020 aka samu reshe mai suna youtube-dlc, daga shi kuma aka sake ɓalle yt-dlp a farkon 2021. Masu kula da yt-dlp sun riƙa karɓar gyaran da ya maƙale a uwar manhaja, suka magance matsalar jinkirin, suka kuma riƙa sakin sababbin sigogi akai-akai. Jama'a suka riƙa komawa da kaɗan-kaɗan. Daga ƙarshe masu haɗa tsarin Debian, a fitowarsa ta 12 a 2023, suka maye gurbin youtube-dl da yt-dlp a rumbunsu.

Abin lura shi ne babu wanda aka ƙwace wa komai. Reshen ya fito da sabon suna, ya bayyana inda ya samo asali, kuma duk wanda ya koma gare shi ya san ya sauya hannu. Ita ma youtube-dl ba ta mutu ba, domin daga baya ta samu wani mai kula, aka ci gaba da shigar da gyare-gyare a cikinta.

Shiru ba ya nufin an yi watsi

Wannan ya sa tantance manhajar da aka yi watsi da ita ke da wuya. Ƙaramar manhajar da ta kammala aikinta tana iya yin shekara uku ba a taɓa ta ba, kuma lafiyarta ƙalau. Alamar matsala ita ce a kai rahoton ɓaraka ta tsaro a ji shiru, ko manhajar ta daina aiki da sababbin na'urori, ko gyaran da mutane suka miƙo ya taru babu ko amsa.

Wasu rumbunan manhajoji sun rubuta ƙa'ida a kan haka. Rumbun PyPI na masu amfani da harshen kwamfuta na Python yana bin wata takarda mai suna PEP 541, wadda ta ce ba za a kira aiki yasasshe ba sai abubuwa uku sun haɗu: an nemi mai shi an rasa, ba a saki sabuwar siga ba cikin wata goma sha biyu, kuma babu motsinsa a shafin aikin. Neman ma yana da tsari, domin sai an tuntuɓe shi aƙalla sau uku cikin mako shida. Ba wanda ke son gadon ne ke yanke hukunci ba. Masu kula da rumbun ne.

Suna ya fi rubutu tsada

Lasisin buɗaɗɗiyar manhaja bai haɗa da sunan kasuwanci ba. Lokacin da kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun Microsystems a Janairun 2010, manhajar ofis ta OpenOffice ta faɗa hannunsa. Masu sa kai da suka ji tsoron makomarta suka kafa gidauniyar The Document Foundation a watan Satumba, suka ɓalle da reshen LibreOffice. Sun nemi Oracle ya ba su tsohon sunan, bai bayar ba, a 2011 kuma ya miƙa shi ga gidauniyar Apache.

Mafi yawan masu rubuta manhajar sun bi LibreOffice, tsohon sunan kuwa ya ci gaba da jan jama'a. A 2016 shugaban aikin Apache OpenOffice da kansa ya tayar da maganar yiwuwar rufe shi saboda ƙarancin masu sa hannu. A Oktoban 2020, shekara goma bayan rabuwar, masu LibreOffice sai da suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon a sanar da masu sauke OpenOffice cewa akwai wadda ta gaje ta. Reshe yana iya fin uwa inganci, amma ya shafe shekaru yana neman jama'ar da suka san tsohon suna kawai.

Inda ɓarawo ke shiga

Wannan ƙarfin suna ne ya sa wasu ba sa son ɓalle reshe. Sun fi son a miƙa musu makullin asalin manhajar, domin duk wanda ya riƙe shi, abin da ya saki zai shiga na'urorin jama'a kai tsaye, a matsayin sabuntawa daga hannun da suka yarda da shi.

A 2018, ƙaramar manhajar event-stream ana sauke ta kusan sau miliyan biyu a mako, alhali marubucinta, Dominic Tarr, ya daɗe da daina amfani da ita. Wani da bai sani ba ya aiko masa da saƙo yana neman ya ci gaba da kula da ita, ya kuwa ba shi. A watan Satumba sabon mai kular ya jingina mata wata manhajar, wadda daga baya aka cusa wa ɓoyayyen umarni na satar makullan asusun Bitcoin daga masu amfani da manhajar Copay. Sai a watan Nuwamba aka gano.

Abin da ya faru da XZ Utils ya fi wannan tayar da hankali. Manhaja ce ta matse bayanai da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux, kuma Lasse Collin ɗan ƙasar Finlan ya shafe fiye da shekara goma yana kula da ita kusan shi kaɗai. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da ƙananan gyare-gyare masu kyau. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka fara matsa wa Collin lamba, suna zarginsa da barin aikin ya mutu, suna neman a ƙara wani mai kula. Collin ya amsa cewa aikin na sa kai ne, kuma lafiyarsa ta rage masa ƙarfi. Sannu a hankali Jia Tan ya samu ikon sakin sigogi.

A sigar 5.6.0 ta Fabrairun 2024 da 5.6.1 ta Maris, an dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba mai riƙe da wani makulli na musamman damar ba kwamfuta umarni daga nesa. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga kwamfutarsa ta gwaji ya ƙara jinkirin kusan rabin sakan. Ya bi diddigi, ya fallasa abin a ranar 29 ga Maris, lokacin da sigogin ba su wuce matakin gwaji a manyan tsare-tsare irin su Debian da Fedora ba. Har yau ba a bayyana wanda ke bayan sunan Jia Tan ba.

A duka biyun, ba wanda ya fasa ƙofa. Gajiyar mutum ɗaya aka bi, aka zo masa da sunan taimako.

Abin da ke kan magaji

Daga waɗannan misalai ana iya gane magajin kirki. Yana fara neman mai aikin a fili, ya miƙa taimako, ya jira. Idan ya ɓalle, yana fitowa da sabon suna, ya faɗi asalinsa da dalilinsa, ya bar sunayen marubutan farko. Ba ya riƙe makulli shi kaɗai, kuma kowane gyara sai wani ya duba kafin a sake shi. Yana kuma rubuta yadda za a gaje shi tun kafin ya gaji, domin ranar da reshensa ya karɓu, ƙorafin dubban mutanen da ba su biya ko sisi ba zai dawo kansa, kamar yadda ya kasance a kan wanda ya gabace shi.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a Afrilun 2014, ya bayyana cewa OpenSSL, wadda ke tsare sirrin babban kaso na shafukan intanet, tana samun gudummawar kusan dala 2,000 ne a shekara, kuma mutum ɗaya ne ke aikinta cikakken lokaci. Manyan kamfanoni sun daɗe suna cin moriyarta kyauta. Gwamnatin Jamus ta ɗauki wannan a matsayin batun kayan more rayuwa, inda a 2022 ta kafa asusun Sovereign Tech Fund domin biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji da kuɗin gwamnati.

Maganar ta shafi Najeriya da Nijar, inda ma'aikatun lafiya ke tattara bayanan asibitoci da buɗaɗɗiyar manhajar DHIS2. Ita tana da Jami'ar Oslo a bayanta, amma ba kowace manhajar da ɗan kwangila ya girka wa hukuma ke da irin wannan gata ba. Duk lokacin da aka sanar da kwangilar sabon tsarin biyan albashi ko rajistar jama'a, akwai tambayoyi uku da 'yan majalisa da 'yan jarida za su iya yi: waɗanne buɗaɗɗun manhajoji ne a cikinsa, mutum nawa ke kula da kowace, kuma wa kwangilar ta ɗora wa nauyin gyara a ranar da suka daina amsa saƙo.