Wanda aka ɗora wa bindiga a ƙeya

Ranar 16 ga Yuli, 1995, aka kai wani soja mai suna Drazen Erdemovic wata gona a Branjevo, ƙasar Bosniya. Motoci suna ta sauke Musulmi maza da aka kamo daga Srebrenica, aka ce shi da abokan aikinsa su harbe su. Ya shaida wa kotu cewa da ya ƙi, sai aka ce masa in tausayinsu yake ji, to ya shiga sahu a haɗa da shi. Ya yi harbin. Da bakinsa ya ƙiyasta ya kashe mutum kusan 70.

A 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta laifukan tsohuwar Yugosilabiya da ke Hague ta rabu biyu. Alƙalai uku suka ce tilas ba ta wanke sojan da ya kashe marasa laifi, sai dai ta rage hukunci. Biyu suka saɓa, cikinsu har da Antonio Cassese, wanda hujjarsa ke da wuyar kaucewa: mutanen nan za a kashe su ko ya harba ko bai harba ba, ƙinsa ba zai ceci kowa ba, gawa ɗaya kawai zai ƙara. A ƙarshe shekara biyar aka yanke wa Erdemovic.

Malaman fiƙihu sun daɗe da wannan muhawara. Sun haɗu a kan cewa ba ya halatta ka fanshi ranka da ran wani, domin jininka bai fi nasa daraja ba. A wajen Malikiyya, ƙisasi yana hawa wanda ya tilasta da wanda aka tilasta. Abu Hanifa kuwa ya ɗora shi kan mai tilastawa. Sashe na 57 na dokar Penal Code ta Arewa ma ya cire kisan kai daga laifukan da barazanar mutuwa ke wankewa.

Na yarda da wannan ƙa'ida, domin in aka buɗe ƙofar, kowane ɗan ta'adda zai ce sa shi aka yi. Amma samarin da Boko Haram ta sace suna ƙanana, ta miƙa musu wuƙa bayan sun ga an yanka wanda ya ƙi, ba daidai suke da kwamandojinsu ba. Alƙalin da zai yi musu hukunci ya kamata ya fara tambayar shekarun yaron ranar da aka ɗauke shi, da ko ya taɓa samun hanyar gudu.