Katafila mai cokali: yadda take aiki a wuraren haƙa, da inda bai kamata mutum ya tsaya ba

Duk garin da aka taɓa yin hanya kusa da shi, ko aka buɗe ramin ɗibar rairayi ko jar ƙasa a bayansa, ya san wannan mota: yawanci rawaya ce, tayoyi huɗu da suka kusa kai tsawon mutum, ga ƙaton cokali a gaba. Mu dai duk injin da ya yi girma katafila muke ce masa, sunan kuwa daga kamfanin Caterpillar na Amurka ya samo asali. Amma ba duka suke ɗaya ba. Akwai mai tura ƙasa, wadda ke tafiya bisa sarƙa. Akwai mai dogon hannu da ke tsayawa wuri guda tana tono. Wadda za mu yi magana a kanta yau ita ce mai taya da cokali, wadda ma'aikata ke kira sharjez da Faransanci. Aikinta ɗaya ne: ta ɗebo, ta ɗaga, ta zuba.

Dalilin wannan bayani bai wuce biyu ba. Yaranmu da matanmu suna kai da kawowa a bakin waɗannan ramuka, matasanmu kuma suna neman aiki a cikinsu. Wanda ya san yadda injin ke motsi zai san inda ya kamata ya tsaya.

Ina take shiga a cikin aikin?

A wurin fasa dutse, wanda muka fi sani da kariyar, da kuma mahaƙar da ake yi a buɗe ba tare da an shiga ƙarƙashin ƙasa ba, aiki hawa-hawa ne. Da farko a yaye ƙasar sama. In dutsen mai tauri ne, a huda shi, a sa nakiya a fasa. Daga nan a loda a manyan motoci, su kai wa injin niƙa ko masana'anta. In kuwa rairayi ne ko jar ƙasa, ba a buƙatar nakiya, cokali kaɗai ya isa.

Haka ake yi a manyan wuraren haƙa na ƙasarmu. A Malbaza cikin jihar Tawa ana fasa dutsen da ake yin siminti da shi. A Anu Araran kusa da Cirozerin kamfanin SONICHAR na haƙar kwal da ake ƙonawa a samu lantarki. A Arlit kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da uraniyom daga buɗaɗɗen rami tun 1971, a Samira cikin jihar Tilaberi kuma an fara fitar da zinariya a 2004. Abin da ake haƙa ya bambanta, amma ko'ina sai an loda. In mai lodi ya tsaya, motoci sun yi layi, injin niƙa ya yi shiru, kowa ya zauna. Shi ya sa ake ji da direban wannan katafila.

Yadda aka gina ta

In kun lura, injinta a baya yake. Da gangan aka yi haka. Ku tuna amalanken jaki in an tara masa kaya a baya: sai ka ga jaki ya tashi sama. Ita ma haka take, sai dai nata kayan a gaba yake. In cokali ya cika, nauyi yana son ya ɗaga gindinta, to nauyin inji da wani ƙaton ƙarfe da aka liƙa a baya su ne ke danne ta. Ƙa'idar masu ƙerawa ita ce, kada abin da za ta ɗauka ya wuce rabin nauyin da zai iya ɗaga tayoyinta na baya. Direban da ya wuce wannan ƙa'ida yana wasa da ransa.

Abu na biyu, ba ta karya kwana kamar motar haya. Tayoyin gaba ba su juyawa su kaɗai. Jikinta biyu ne, gaba da baya, an haɗa su a tsakiya da manyan ƙusoshi, kamar ƙyaure da madogararsa. In direba ya juya sitiyari, sai ta lanƙwashe a ƙugu, wajen digiri 35 zuwa 40 kowane ɓangare. Wannan ne ke ba ta damar juyawa a ɗan ƙaramin fili. Tayoyin huɗu duka suna ja, shi ya sa take iya kutsawa cikin tsibin dutse.

Abu na uku, ƙarfin da ke ɗaga cokali mai ne. Injin gazuwal yana juya famfo, famfo yana tura mai ta cikin tiyo zuwa wasu bututun ƙarfe masu sanda a ciki. Kamar sirinjin allura ne: in ruwa ya shiga da ƙarfi sai sandar ta fito. Biyu suna ɗaga hannuwan, wani kuma yana kifa cokali ko ya tallabo shi. Matsin man nan ya ninka iskar tayar ƙaramar mota wajen sau 100. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wajen girma kuwa, gaba da gabanta. Wadda muka fi gani a ayyukan hanya, irin Caterpillar 950 ko na ƙasar Sin kamar SDLG, XCMG da LiuGong, nauyinta ya kusa tan 18, cokalinta yana cin kimanin mita kub 3, wato wajen tan 5 na rairayi. In da baro ne, sai an yi sawu kusan 50. A manyan mahaƙun duniya akwai Caterpillar 994 da ta haura tan 200, akwai kuma LeTourneau L-2350 da tayarta kaɗai ta kai tsawon mita 4, tana ɗaukar sama da tan 70 a cokali guda. Amma na da ƙanana ne: misali, a 1954 kamfanin Volvo na Suwidin ya ɗauki taraktan noma ya juya ta gaba ta koma baya, ya ɗora mata cokali a kan manyan tayoyin.

Sawu ɗaya, daga tsibi zuwa mota

Direba yakan kwantar da cokali daidai da ƙasa, ya shiga tsibi kai tsaye da giya ta ɗaya. Da haƙoran cokali sun kama, sai ya ɗan ɗaga hannuwan domin nauyi ya danne tayoyin gaba, ya tallabo cokali har ya cika. Daga nan ya ja da baya, ya karya kwana, ya nufi tifa yana ɗaga cokali sannu a hankali, yadda zai kai sama daidai lokacin da ya iso gefen motar. Ya zuba, ya ja da baya, ya sauke cokali, ya koma. In ka duba sawun tayoyinsa a ƙasa za ka ga kamar harafin V. Gwani yana gama wannan zagaye cikin daƙiƙa 30 zuwa 40, kuma cokali 3 zuwa 6 ya cika mota in an dace da girmansu.

A nan ake gane gwani. Ba ya barin taya ta yi ta juyawa a banza cikin tsakuwa, domin bayan gazuwal babu abin da ke cin kuɗin mai inji kamar taya. Yana share wurin aikinsa kada dutse mai kaifi ya yanke ta. Yana fara zuba ƙananan duwatsu a cikin tifa kafin manya, don kada su fasa bayanta. Ta gefe yake zubawa, ba ya ratsa cokali ta saman kan direban mota. Kuma ba ya yawo da cokali a sama. In zai yi tafiya da kaya, yana sauke shi kusa da ƙasa, saboda cokali cike a sama ga kwana ga gangare, nan take ta kife.

Inda haɗari yake ga na ƙasa

To jama'a, ga inda maganar ta shafe mu duka. Mutane da yawa suna zaton tunda direba yana can sama, yana ganin komai. Ba haka ba ne. Cokali da hannuwansa suna tare masa gaba, murfin inji yana tare masa baya. Yaro, ko babban da ya sunkuya yana tsintar tsakuwa, zai iya ɓacewa gaba ɗaya daga idonsa. Ga ƙura, ga ƙarar inji da ba za ta bari ya ji kururuwa ba. Kuma kusan rabin tafiyar wannan mota da baya take yin ta, sau ɗaruruwa a yini. Ƙarar nan ta fit-fit da take yi in za ta ja da baya gargaɗi ce, amma tsofaffin injuna da yawa tasu ta lalace. Abin da ya fi shi ne: in kai ba ka ga fuskar direba ba, shi ma bai gan ka ba. Kada ka matso sai ya sauke cokali ƙasa, ya yi maka alama da hannu.

Wuri na biyu shi ne ƙugunta, tsakanin tayar gaba da ta baya. Wurin yana da faɗi in tana tsaye, har wani ya ga inuwa ce ta fakewa. Da an taɓa sitiyari, wurin ya rufe kamar almakashi. Shi ya sa aka yi mata wani ƙarfe na kullewa da makaniki ke sawa kafin ya shiga wurin.

Na uku, ƙarƙashin cokali. Mun ce mai ne ke riƙe da shi. In tiyo ya fashe, cokali na iya faɗowa ba sallama, ko da an kashe inji. Kada a shiga ƙarƙashinsa sai an tokare shi da ƙarfen da aka yi don haka. Kada kuma a nemi wurin yoyo da hannu: man da ke fita ta ƙaramar huda yana iya huda fata ya shige tsoka. Raunin zai yi kama da sukar ƙaya, amma in ba a kai mutum asibiti da gaggawa ba, yana iya rasa hannun. Haka nan cokali ba wurin zaman mutum ba ne, ko da ɗan taƙi ne za a rage masa hanya.

Na huɗu, bangon rami. In ana ta ɗiba daga ƙasa har aka yi wa bango kogo, saman yana nan rataye. Zai iya yin kwanaki bai motsa ba, rana ɗaya ya rufto, musamman bayan ruwan sama. Masu zuwa da amalanke bayan an tashi aiki su guji gindin irin wannan bango, masu kiwo kuma su guji bakinsa ta sama.

Akwai kuma abin da ke saura bayan injuna sun tafi. Ramin da katafila ta haƙa ba kamar tabkin da muka saba ba ne, wanda ake shiga sannu-sannu. Bakinsa a tsaye yake. Da damina ta cika shi, taki ɗaya ne tsakanin ruwa iya gwiwa da ruwan da ya shanye mutum. Haƙƙin masu garuruwa da magadan gari ne su nemi kamfani ya kwantar da bakin rami ko ya killace shi kafin ya kwashe kayansa. Aikin da injin zai yi cikin ɗan lokaci ne, in yana wurin. In ya tafi, sai dai a yi ta bin sawu.

Ga masu son koyon aikin

Sana'a ce mai kyau, kuma wanda ya iya ta yana samun aiki a hanya, a kariyar, a mahaƙa, a gida da waje. Amma iya tuƙa mota bai isa ba. A nemi koyo a hannun wanda ya ƙware, a nemi takardar shaida, domin manyan kamfanoni suna tambayarta.

Direban kirki yana fara yini da zagaya injinsa: man inji, man cokali, ruwan lagireto, iskar taya, birki, ƙaho, madubai. Yana sa giris a ƙusoshi. A ƙasa irin tamu mai ƙura da zafi, matatar iska da lagireto su ne ran inji, in sun toshe sai ya yi zafi ya rasa ƙarfi. Yana ɗaura bel, domin an gina ɗakin direba yadda zai jure in motar ta kife, kuma wanda ya yi ƙoƙarin tsalle shi ne ta fi dannewa. Yana rufe ƙofa da tagogi, ko ya sa abin rufe hanci na ƙwarai, saboda ƙurar dutse tana taruwa a huhu shekara da shekaru, kuma cutar da take jawowa ba ta warkewa. In zai sauka, ya ajiye cokali a ƙasa, ya ja birki, ya cire makulli. Yara suna son hawa, kada a bar musu hanya.

Ƴan'uwanmu na waje da ke tunanin haɗa kuɗi su sayo tsohuwa don haya, kada fenti ya ruɗe ku. Shekarun irin wannan inji da awa ake ƙirga su, akwai agogon da ke nunawa, shi ma ana iya taɓa shi. Ku sa makaniki ya duba ƙusoshin ƙugu da na hannuwa ko suna wasa, ya duba yoyon mai, hayaƙi da tayoyi, ya gwada ta cikin tsibi ba a fili kawai ba. Ku tambaya ko ana samun kayan gyaranta a Maraɗi, Damagaram ko Yamai. Ku lissafa gazuwal, domin matsakaiciya tana iya shan lita 12 zuwa 20 a awa guda, gwargwadon nauyin aiki. Sannan ku nemi direban da ya san darajar ran mutane kafin ku nemi wanda ya fi sauri.

Iyaye, a faɗa wa yara da masu kai abinci wurin aiki: kallo daga nesa, ba a bin bayanta, ba a fakewa a inuwarta, ba a wanka a ramin da ta bari. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu, ya sa albarka a neman kowa.