Taswirar gubar dalma: Inda manhaja ke ɓoye saitunan aiki

A watan Maris na shekarar 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Medecins Sans Frontieres suka lura cewa yara ƙanana na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara.

Bincike ya nuna cewa gubar dalma ce, wadda ta bazu sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 suka rasu.

Kafin a kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, sannan Bagega a shekarar 2013, sai da aka bi gida-gida ana auna yawan dalmar da ke cikin turɓaya. Irin waɗannan alƙaluma ba sa nuna inda haɗarin ya fi tsanani sai an shimfiɗa su a kan taswira.

Haka lamarin yake ga ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024, da kuma aikin rigakafi da na bibiyar annoba. Ɗaya daga cikin manhajojin da ake irin wannan aiki da su ita ce QGIS, wadda Gary Sherman ya fara rubutawa a shekarar 2002, kuma kyauta ake samun ta.

Sai dai akwai wata folda da manhajar ke ajiye saitunanta a ciki, wadda jami'i kan shekara yana aiki bai taɓa buɗe ta ba, har ranar da kwamfutarsa za ta lalace.

Me ke cikin foldar?

Idan jami'i ya tsara cewa ja na nufin gidan da gubarsa ta wuce ƙa'ida, kore kuma gidan da aka riga aka tsabtace, ya adana wannan salo domin amfanin gaba, to a wannan folda yake zama, cikin wani fayil mai suna symbology-style.db.

Wani fayil ɗin, QGIS3.ini, shi ke riƙe da harshen da aka zaɓa, da jerin ayyukan baya-bayan nan, da adireshin rumbunan bayanai da manhajar ke haɗuwa da su. Ƙananan manhajojin da aka ƙara mata kuma suna cikin wata ƙaramar folda mai suna python.

Akwai kuma tsarin auna wuri da aka zaɓa wa sababbin ayyuka. Wannan yana da muhimmanci a Zamfara, domin a tsarin UTM garuruwan Gummi da Bukkuyum suna shiyya ta 31, Gusau kuma tana shiyya ta 32. Idan aka karanta alƙaluman wata shiyya da ma'aunin ɗayar, ƙauye na iya bayyana a taswira ɗaruruwan kilomitoci daga inda yake.

Amma alƙaluman da aka tattara daga ƙauyuka ba sa cikin foldar saituna. Taswirar da aka gama haɗawa ma tana da nata fayil daban. Wanda ya kwafi ɗaya ya bar sauran bai kammala ajiya ba.

Yadda ake gano ta

Tun daga QGIS 3.0 da ta fito a watan Fabrairun 2018 aka tattara saitunan wuri guda. Kafin nan, a kwamfutocin Windows wasu suna cikin wata folda mai suna .qgis2, wasu kuma a rajistar na'urar, abin da kan sa kwafe su ya yi wuya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta cikin manhajar kanta. A danna Settings, a shiga User Profiles, sannan a zaɓi Open Active Profile Folder. Nan take foldar za ta buɗe.

Idan manhajar ta ƙi tashi, sai a bi ta wata hanyar. A Windows, a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta %APPDATA%, a shiga QGIS, sai QGIS3, sai profiles, sannan default. Dalilin da ya sa mutane ba sa cin karo da ita shi ne, Windows na ɓoye foldar AppData daga idon mai amfani.

A Linux tana ƙarƙashin .local/share, a kwamfutocin Apple kuwa tana cikin Library/Application Support.

Ajiya da gyara

A yankin da wutar lantarki ba ta da tabbas kuma intanet ke da rauni, rasa wannan folda babban koma-baya ne. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. A irin wannan yanayi, jami'in da aka goge masa kwamfuta a shagon gyara ba shi da hanyar sake sauko da abin da ya rasa.

Matakin farko shi ne a rufe manhajar, a kwafi foldar baki ɗaya zuwa filas ko wani faifan ajiya, a sa mata kwanan wata. Idan an samu sabuwar kwamfuta, sai a girka manhajar, a mayar da foldar mazauninta.

Idan QGIS ta fara tsayawa ko tana rufe kanta, kada a yi gaggawar goge komai. A ƙirƙiri sabon rukunin saituna ta New Profile. Idan ta yi aiki lafiya, to matsalar tana cikin tsohuwar foldar, galibi daga wata ƙaramar manhaja da aka ƙara.

A ofishin da mutane da yawa ke amfani da kwamfuta ɗaya, kowa na iya samun nasa rukunin, don kada wani ya sauya launukan wani.

Batun amana

Foldar tana iya ɗauke da kalmomin sirri na shiga rumbunan bayanai. Waɗanda aka adana ta tsarin tantancewa na manhajar suna kulle a fayil ɗin qgis-auth.db, amma waɗanda aka adana kai-tsaye kowa na iya karanta su a fili.

Rumbun da ke ɗauke da sakamakon gwajin jinin yara da wuraren da gidajensu suke amana ce a hannun jami'i. Saboda haka kafin a miƙa wa abokin aiki kwafin foldar, a cire kalmomin sirrin, ko kuma a fitar masa da salon launuka kaɗai ta Style Manager.

Filas ɗin da aka yi ajiyar a ciki kuma a kulle shi a ofis, nesa da jakar da ake yawo da kwamfutar.