Me ke sa kabewa ruɓewa tun tana jikin yaɗo?

A garake da bayan gidaje, daga Maraɗi har Damagaram, kukan ɗaya ne: kabewa ta yi yaɗo, ta zuba ƴaƴa, sai su ruɓe kafin su ƙosa. Da yawa kan ruga sayen maganin feshi, alhali yanka ɗan da ya lalace shi ke nuna inda matsalar take.

Idan aka tarar da fararen tsutsotsi a ciki, aikin ƙudan kabewa ne. Macen kan huda fatar ɗanyen ɗa ta saka ƙwai. Tsutsar ta ci cikin, sannan ta faɗa ƙasa ta rikiɗa ta zama sabon ƙuda. Don haka barin ruɓaɓɓu a garka kiwon ƙuda ne. A tsince su kullum, a ɗaure cikin baƙar leda a ajiye a rana, ko a binne a rami mai zurfin santimita 50.

Idan ɗan ya yi rawaya ya yanƙwane tun yana ƙarami, babu tsutsa, barbara ce ba ta samu ba. Furen kabewa safiya ɗaya yake buɗewa, feshin safe kuma yana kashe ƙudan zuma. Mai garka na iya tsinko fure namiji ya goga cikin na macen, wanda ke da ƙwallo a gindinsa.

Baƙin tabo a ƙarshen ɗan kuwa yakan biyo ban-ruwa marar tsari: yau ƙishirwa, gobe ambaliya. A daidaita ban-ruwa, a kuma shimfiɗa busasshiyar ciyawa ƙarƙashin kowane ɗa don kada ya kwanta kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.