Ina Kifin Rafinmu Ya Tafi?

Ku tambayi kowane dattijo a ƙasar Bakori, zai gaya muku yadda yara kan dawo daga rafi da kaka da ƙwarya cike da tarwaɗa da karfasa. Yau kuwa yaro ya kan wuni a bakin ruwa, ya komo hannu wofi. Ruwa ba ya tsami banza. Bari mu duba dalili.

Da fari akwai guba. Tun dā masunta sun san magimfa, amma maganin ƙwari ya fi ta ɓarna nesa. Shekaru da yawa waɗansu suna zuba Gammalin 20 a gurbi domin su kwashe kifi a rana ɗaya. Manya da ƙanana duka su kan mutu, mai cin kifin kuma yana cin gubar. A 2009 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar hana sinadarin da ke cikinsa. Amma manomin da ya gama feshin auduga ko masara, ya wanke famfonsa a rafi, shi ma guba ya zuba, ko da bai nufa ba.

Na biyu, mun sare itatuwan bakin rafi, mun yi noma har gaɓa. Saiwa ce ke riƙe ƙasa. In babu ita, ruwan sama ya kan kwashe yashi ya cike gurabun da kifi ke fakewa da rani. Ku dubi gaiwa. Ita ta kan shige cikin laka, ta yi watanni tana shaƙar iska har damina ta dawo. In yashi ya binne lakar, ina za ta shiga?

Na uku, gidan sauro da waɗansu suka mai da shi koma. Tarwaɗa ta kan yi ƙwai cikin ciyawa da farkon damina. Wanda ya tace 'ya'yanta ya cinye kifin baɗi.

Abin bai tsaya a kanmu ba, gama kusa da Funtuwa ne Gulbin Sakkwato ya samo tushe, ya bi ta Gusau har Argungu. A can ana hana su a Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa ake fid da giwan ruwa mai girman mutum. Ashe ruwa ma yana bukatar hutu kamar gona.

To, me za mu yi? Mu wanke famfo nesa da rafi, a rami. Mu bar taki goma na ciyawa tsakanin kunya da gaɓa, mu dasa itatuwa. Mu roƙi mai unguwa da sarkin ruwa su keɓe gurbi ɗaya da ba mai taɓawa. Iyaye mata kuma, in kun ga kifi mai laushi, mai warin magani a kasuwa, kada ku saya. Ranar da aka rasa mai saye, mai guba zai bari.