Birkin Baya A Hannu: Dabarar Da Ta Dace Da Hanyoyin Bakolori

Duk wanda ya san hanyoyin da suka ratsa gonakin Bakolori, tun daga Talata Mafara zuwa Bakura, ko kuwa daga Maradun zuwa bakin madatsar ruwa, ya san cewa babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke ɗaukar buhun taki zuwa gona, shi ke fito da shinkafa bakin titi, shi ne kuma abin hawan malamin gona da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti. Tun da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato cikin shekarar 1978, wannan yanki ya zama wurin da ake samun taɓo ko da rani ne, domin ruwan ban-ruwa ba ya sanin damina. Ga rairayi a wani wuri, ga laka mai santsi a wani, ga kuma siririyar hanya a bisa gaɓar magudanar ruwa wadda kuskure kaɗan zai jefa mutum da kayansa ciki.

A irin wannan hanya ne wani aibi na ƙirar babur yake fitowa fili. Birkin baya yana ƙarƙashin ƙafar dama. To, amma da zarar mahayi ya shiga caɓi ko rairayi mai zurfi, abin da yakan yi shi ne ya sauke ƙafafunsa biyu yana dogarawa don kada ya faɗi. Watau a daidai lokacin da ya fi bukatar birkin baya, a lokacin ne ƙafarsa ta bar shi. Abin da ya rage masa shi ne birkin gaba da ke hannun dama. A kan kwalta birkin gaba shi ne mai ƙarfi, shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da babur, amma a kan santsi in aka damƙe shi, tayar gaba takan ƙame ta zame gefe, babur ya kwanta kafin mutum ya ce me ke nan.

Maganin da wasu suka samo shi ne a maido da birkin baya hannun hagu, a bisa kan babur, yadda yatsu za su iya kama shi ko ƙafa tana ina. Kada mai karatu ya ɗauka wannan saɓa wa wata ƙa'ida ce da ba ta canzawa. Tsofaffin ma'aikata da suka hau baburan Ingila irin su BSA da Triumph za su tuna cewa giya tana dama ne, birkin baya yana hagu. Baburan Japan da suka cika ƙasar nan bayan kuɗin Udoji na 1975 su ne suka saba wa jama'a da birki a ƙafar dama, a wajajen wannan lokaci ne kuma dokar Amurka ta tilasta wannan tsari ga duk babur ɗin da za a sayar a can, kamfanonin Ingila suka bi.

A fagen tseren babur ma an yi wannan canji saboda larura. Mick Doohan, mutumin Ostireliya, ya yi mummunan haɗari a filin Assen na ƙasar Holan cikin 1992, ƙafarsa ta dama ta lalace har ta kasa taka birki yadda ya kamata. Sai makanikansa suka haɗa masa birkin baya wanda yake dannawa da babban yatsan hagu. Da shi ya ci gasar duniya sau biyar a jere, daga 1994 zuwa 1998. Masu hawan duwatsu da kwazazzabai a Turai da Amurka su ma sun karɓi birkin hannun hagu, har akwai kamfanoni irin su Rekluse na Amurka da Clake na Ostireliya da ke ƙera kayansa.

Mu a nan ba tsere ne ya dame mu ba. Ban da manomi da ke fama da taɓo, akwai waɗanda shan-inna ta taɓa wa ƙafa tun suna yara. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka, amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan, yawancinsu yanzu magidanta ne masu neman abin kansu. Akwai kuma waɗanda suka karye a haɗari aka yi ɗori ƙafar ba ta koma daidai ba. Ga irin waɗannan bayin Allah, wurin da aka sa birki shi ne bambanci tsakanin zuwa kasuwa da kansu da jiran wanda zai goya su.

Aikin ya fi sauƙi a kan ƙananan babura irin Honda C70 da 'yan uwanta da ake kira roba-roba, domin ba su da hannun kuloci, gefen hagu a sake yake. Bakanike zai ɗaura hannun birki a wurin, ya ja wayar birki mai kauri ta bi jikin babur har zuwa ɗan ƙarfen nan da ke fitowa daga cibiyar tayar baya, wanda shi ne ke buɗe takalman birki a ciki. A kan Bajaj Boxer da Honda CG125 kuwa hannun hagu na kuloci ne, don haka sai an jera hannuwa biyu, ɗaya gajere a sama ko a ƙasan ɗaya, yatsu biyu na wannan, biyu na wancan. Yana yiwuwa, amma sai an koya, kuma wanda bai saba ba babur zai riƙa mutu masa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarfi. An auna birkin baya ne da ƙarfin ƙafa, wadda ke da nauyin jiki a bayanta, yatsu kuwa ba su kai ta ba ko kusa. In aka haɗa waya kai tsaye ba a canza kome ba, hannun birkin zai yi tauri, babur mai buhu biyu ba zai tsaya ba. Dabarar da aka saba ita ce mai walda ya ƙara wa ɗan ƙarfen nan tsawo, kamar yadda doguwar muciya ta fi gajera daɗin tuƙi. Sai dai kowane tsawo da aka ƙara yana bukatar ƙarin jan waya, in kuwa aka zarce, hannun birki zai taɓo mariƙi tun birkin bai kama ba. Tsakanin waɗannan biyu ake neman daidai, ba a kuma samunsa sai da gwaji, a ƙara kaɗan a gwada, a rage kaɗan a gwada. Bakaniken da ya ce zai gama cikin minti goma, a ra'ayina, bai fahimci aikin ba.

Akwai waɗansu abubuwa da ake yawan mantawa. Tayar baya tana hawa da sauka da nauyin kaya, saboda haka dole a kafa ƙarshen rigar wayar a jikin abin da ke motsi tare da tayar. In aka kafa ta a gangar jikin babur, duk ramin da aka faɗa birki zai kama da kansa ko ya saki. Haka nan sai a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe a ga ko wayar tana ɗamewa, a kuma nisanta ta da salansa don kada zafi ya narka rigarta. Makunnin jar fitilar baya yana haɗe ne da abin takawa, in ba a sa wani a sabon hannun ba, na bayanka ba zai san ka taka birki ba. Ga mai ƙafa lafiya, ya fi kyau a bar abin takawa a wurinsa, a yi haɗin yadda kowanne zai ja ba tare da ya motsa ɗan uwansa ba, domin ran da waya ta tsinke akwai abin komawa. Waya kuwa tana tsinkewa, musamman inda laka da ƙura ke shiga cikinta, don haka a riƙa ɗiga mata mai, a canza ta da zarar sili ɗaya ya ɓalle.

Manyan baburan daji masu birkin faifai da ruwan birki suke aiki, nasu haɗin na famfo ne da tiyo. A nan abin kiyayewa biyu ne: a fitar da iska sarai daga cikin tiyo, kada kuma a gauraya ruwan DOT 4 da man da wasu kuloci ke amfani da shi, domin yakan kumbura robobin ciki birki ya mutu.

Abin da ya rage shi ne awo. Yanzu kowane bakanike da idonsa yake aunawa, abin da ya yi wa wannan babur ba lalle ya yi wa wancan ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a cikin Talata Mafara, ga Kwalejin Aikin Gona a Bakura wadda ɗalibanta ke bin waɗannan hanyoyi kullum. Ɗaliban sashen injiniya da ke neman aikin kammala karatu za su iya ɗaukar babura ukun da suka fi yawa a yankin, su auna tsawon ƙarfen da ya dace da kowanne, da kaurin waya, da nisan da babur ke yi kafin ya tsaya da kaya da babu kaya, a kan kwalta da rairayi da laka. Takarda guda mai zane da awo, a rubuce da Hausa, wadda za a liƙa a rumfunan makanikai na Mafara da Bakura da Maradun, ta isa.